Rabi ga Gyaɗa, Rabi ga Tumaki

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Hajara daga Toranke, a rediyon gidan malamin makaranta nake sauraronku.

Bara da na kwashi adashina, maigidana ya ce in zuba duka a noman gyaɗa, tunda Turawa suna sayenta da daraja. Na ce, "Maigida, a labaran da nake karantawa, falken da ya ɗora duk hajarsa kan jaki ɗaya shi ke kuka a bakin rafi." Ya yi dariya ya ce, "Ajin yaƙi da jahilci ya ɓata ki!"

Rabin kuɗin na ba shi. Sauran muka haɗa da mata uku muka sayi tumaki, muka kai wa Inna Jummai, Bafulatanar Gafasa, ta kiwata a raba 'ya'yan.

Sai ƙwarin darɓa suka cinye gyaɗar garinmu. Tumakinmu kuwa suka haihu, har da tagwaye. Rabona muka sayar a kasuwar Gaya muka sayi irin bana.

Jiya maigidan ya ce, "Hajara, ɗauko littafin nan ki karanta mini."

To Malam, bana in ƙara tumaki ko in gwada saƙa? Ina gaida Inna Jummai.