Baba Mai Tsani da Gidansa na Farko

Assalamu alaikum. Malam liman, Allah ya gafarta malam. Mai unguwa, ranka ya daɗe. Shugaban ƙungiyarmu ta masu gidajen haya da dattawan da ke gefensa, barkanku da zuwa. Hajiya mai ɗakin marigayi, da babban ɗansa, da sauran 'ya'ya maza da mata, ya haƙuri? Maƙwabta da 'yan haya, sannunmu da rashi.

Ni tela ne, magana a gaban taro ba sana'ata ba ce. An ce in tashi ne don na daɗe a gidan hayar marigayi, kuma ta hannunsa na mallaki 'yan ɗakunan da nake bayarwa haya yau. Zan faɗi wanda muka rasa, sannan ina da roƙo ɗaya ga iyalinsa a kan gidansa na farko, wanda dillalai suka fara yi wa zarya tun ba a tashi daga zaman makoki ba.

Ya kasance mutum ne da fenti ba ya ruɗarsa. Mun sa masa Baba Mai Tsani ne saboda tsanin nan da ba ya sauka daga kan tsohuwar motarsa. In an kai shi ganin gida, dillali na can yana yabon falo, shi kuwa ya riga ya jingina tsani yana bisa yana ƙwanƙwasa kwano. Yakan ce, "Bango kwalliya ne, rufi shi ne gida."

Lokacin da na tara ɗan abin da na tara, wani dillali ya nuna mini gida fes, sai ƙamshin fenti yake. Na garzaya wurin Baba na ce, "Baba, na samu gida kamar amarya."

Ya ce, "Yaushe ka gan shi?"

Na ce, "Ɗazu da hantsi."

Ya ce, "To, ka jira a yi ruwa."

Jama'a, raina ya ɓaci. Dillali na ta matsa mini wai akwai mai saye a bayana, tsoho kuma ya ce in jira hadari. Ranar da aka tsuge da ruwa sai ga shi a ƙofar shagona da lema. Ya ce, "Rufe keken nan, tashi mu je." Muka tarar tsakar gidan ta zama tafki, kwatar maƙwabta duk can take juyewa. Ya dube ni ya ce, "Ga amaryarka nan ta wanke fuska."

Daga nan ya kai ni wani kango mai ɗaki biyu, mummuna, amma a kan tudu. Ya ce, "Fara da ɗaki ɗaya. Ka gyara, ka sa mutum, abin da ya shigo ka gyara na biyu da shi. Da rarrafe yaro kan tashi." Haka na yi.

Ya kasance ba ya rowar abin da ya sani. Ga malamar makaranta can, ga direba, ga mai gyaran waya, kowannenmu da ɗaki ɗaya ya fara, kuma Baba ne ya hau masa rufi. Bai taɓa karɓar la'ada a hannunmu ba. In ka matsa, sai ya ce ka riƙe masa tsani kawai.

Ya kasance kuma mai faɗa, kada mu yi ƙarya don ya kau. In ya ji ɗan haya ya yi ƙorafin yoyo, mai gida ya yi kunnen uwar shegu, har gida zai same ka a gaban iyalinka. "Kai kana kwance a bushe, ɗan mutane na tarbar ruwa da roba? Haya amana ce." Mun sha faɗan nan, kuma yau mun fi kewarsa a kan komai.

Yanzu ga roƙona. Ɗana, babban wa, ni na ɗinka maka kayan makaranta na farko, don haka ka bar ni in yi maka magana irin ta baffa. Gado hakkinku ne, ba wanda ya isa ya hana ku sayarwa. Na san gidan ya tsufa, na kuma san mai son sayensa rushewa zai yi ya gina shaguna. Amma akwai mutane a ciki. Akwai Iya mai wanki, tsohuwar da mahaifinku ya ba ɗaki tun rasuwar mijinta, ba ta da ɗa ba ta da jika.

Shekaranjiya na shiga gaishe ta, na tarar ta ƙulle kayanta a zannuwa, tukwane a cikin kwali. Na ce, "Iya, ina zuwa?"

Ta ce, "Ban sani ba, ɗan nan. Amma gara in ɗaure da hannuna da a watso mini su waje."

Wallahi da na fito sai da na yi kuka.

Ba sadaka muke roƙo ba. Gidan haya in an kula da shi, yana riƙe mai shi. Ƙungiya ta zauna ta yi magana: kafinta ya ɗauki nauyin gyaran rufi, magini ya ɗauki na bango, mai gyaran famfo ya ce kada a yi masa maganar kuɗin aiki. Za mu koya muku sana'ar nan kamar yadda aka koya mana. In kuma sayarwar ta zama dole, ku fara yi mana tayi, mu saya da mutanensa a ciki.

Hajiya, ki sa baki. Ɗana, ba na neman amsa a gaban jama'a. Amma duk shawarar da kuka yanke, kada ku aiki dillali ya faɗa wa Iya. Ka je da ƙafarka. Tana ɗakin ƙarshe kusa da famfo, kuma kunnenta ya yi nauyi, sai ka matsa kusa ka ɗaga murya.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya haɗa kan 'ya'yansa, ya ba Hajiya haƙuri. Kamar yadda ya ba bayin Allah wurin sa haƙarƙari a duniya, Allah ya ba shi gidan da ba a cewa kowa ya tashi. Amin.