Takalmin Ƙafar Hagu

Tela na zaune a bencin jiran likita, dafe da ƙulun goshinsa, sai wani mai rataye da hannu ya zauna kusa da shi.

"Sannu, bawan Allah. Kai ma faɗan jiya ne?" in ji mutumin.

"Shi ne. 'Yan gangare ba su da imani! Da takalmi aka jefe ni."

"A'a, ku 'yan tudu kuka fara."

Tela ya ja jikinsa gefe. "Au, kai nasu ne? To me muka yi muku?"

"Oho! Ina cin abinci na ga namu sun fita a guje, na bi su. Kai fa?"

"Ni ma ihu na ji."

"Ni garin jifa kafaɗata ta goce. Ga asarar sabon takalmina, ƙafar hagu."

Tela ya laluba jakarsa, ya zaro baƙin takalmi. "Wannan?"

"Wallahi shi ne! Ba ni abina."

"In ba ka? Da goshina na saye shi. Na ma gwada, ya yi mini cif. Kai dai kawo ɗayan."

"In kai wa ɗan tudu takalmi? Namu su ce na ci amanarsu!"

Tela ya jujjuya takalmin a hannunsa. Shi ma in ya mayar, nasu ba za su ƙyale shi ba. Sai ya rage murya.

"To, in an sake fita, zan tsaya jikin famfo. Ka jefo na daman. Amma don Allah ka auna ciki."