Tagar Rahila

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, 'yan'uwa.

Ni ne Yakubu mai dako a tashar jirgin ruwa ta Garwa. Kun san ni, har da sunan da ake kirana a bayan ido: Yakubu Kwalba. Ba ku yi ƙarya ba!

Da matata Rahila ta rasu, na yi fushi da Allah. Shekara biyu ban taka ƙofar ikilisiyar nan ba. In na sauke buhunan gyaɗa sai gidan giya. In na shanye, in maka kwalbar da bangon ɗakina. Dokta a lopital, wato asibiti, ya ce hantata ta kumbura, in na ci gaba ba zan ga wata damina ba. Na ce to, madalla.

Ran nan da hantsi sai ga Mama Tabita, shugabar zumuntar mata, da kwando a ka.

"Baban Ladi, taga za mu yi don tunawa da Rahila. Gilas mai launi sai Faransa, mu kuwa gindin kwalba magini zai dasa a siminti. Duk unguwar Jambutu an ce kai ne attajirin fasassun kwalabe."

Wayyo, kunya! Ta tsuguna tana tsince abin kunyata, tana rera waƙar da Rahila ke so.

Bayan sati uku na leƙo, da kwalba cike a aljihun riga. Ba sujada na zo ba, gani na zo. Rana ta bugo tagar, launin kore da na ruwan zuma suka zuba daidai kan bencin da Rahila ke zama. Na durƙusa na ce, "Yesu, in ka iya yin wannan da tarkacena, ga ni nan, ni ma fasasshe ne."

Magini ya taɓa kafaɗata. "Baba, saura rami ɗaya a kusurwa, kwalabe sun ƙare."

Na fita, na tsiyaye ta aljihuna a ƙasa, na miƙa masa.

Ga ta can ƙasa ta hagu, koriyar nan. Ita ce ta ƙarshe, damina ta huɗu ke nan. Na gode wa Ubangiji! Ɗan'uwa, kome ka farfasa, kwaso ka kawo masa. Amin.