Kwanon da aka ware wa Rabi

Malam mai gabatar da shirin rediyo, ina gaisuwa. Don Allah karanta wannan wasiƙa, shugabar matanmu ta unguwar Sersouf ta ji.

Hajiya, ke kika ce, "Duk wadda ta tsaya wa marasa lafiyarmu, ba za mu bar ta ita kaɗai ba." Kan maganarki ƙanwata Rabi, mai shara a asibiti, ta zama tafinta tsakanin lokotoro, wato likita Balarabe, da 'yan Nijar masu sanƙarau. Yanzu ba ta barci, tana wanke hannu har fata ta tsage, tsoro ya hana ta ɗaukar ɗanta.

Ranar sunan jikarki na lallashe ta ta fito. Mata suka zagaye tire ɗaya, ita aka miƙo mata nata a bakin ƙofa. Da ta gama, aka jefar da kwanon tana gani.

Lokotoro ya ce ba ta ɗauki cutar ba. Na ba ki zuwa Juma'a ki zo gidanmu ki ci abinci kwano ɗaya da ita. In ba ki zo ba, Asabar zan kai ta ƙauyen Outoul ta huta, ke ki je ki tsaya bakin gadon marasa lafiyar ki yi tafinta. Larabcinki ai ya fi nata.