Kukan Waya a Tashar Jelutong

A tashar bas ta Jelutong, a tsibirin Penang, Baba Derus makaho mai tausa ya karkata kunne sama.

"Tawa na tafe," ya ce wa baƙon da ke gefensa.

"Baba, titi fayau yake."

"Wayar lantarkin da ke saman titi ta fara kuka, ɗana. Bas mai lantarki ba ta zuwa sai ta aiko sallama ta wayarta. Tun zamanin taragon cikin gari da haka nake gane motata."

"Sai ka nemi wata dabara. Litinin za mu sauke wayoyin nan."

"Za ku? Au, kai ne mai almakashin?"

Baƙon ya yi gyaran murya. "Aiki aka ba ni. Bas masu hayaki za su maye gurbinsu, sun fi sauri."

"Kuma duk muryarsu ɗaya, kamar awaki. In na hau wadda ba tawa ba, masu jiran tausa su nemi wani, ni in ci me?"

Bas mai lantarki ta iso ta tsaya shiru, ƙahonninta biyu na ƙarfe manne da wayar sama.

"Ga ta, Baba. In kama maka hannu?"

"Bar ta ta wuce. Matso nan, mai almakashi. Duk mai hayakin da ta zo, faɗa mini inda ta nufa. Kafin Litinin sai na san tarin kowacce."