Ɗaurin Roba

A tashar Kadawa, wani mai kyamara ya tarar da dattijo zaune gefen injin ban ruwansa, duk ya sha ɗaurin roba.

"Baba, in ɗauke ka hoto da injin nan?"

"Don 'yan birni su samu abin dariya? Yi gaba, samari."

"To kalli wannan hoton. Ƙasar Kuba ce. Motar tsohon nan ta girme ni, kuma har yau da hannunsa yake lallaɓa ta."

Dattijon ya ƙura ido.

"Wayar ƙarfe ya ɗaura wa tiyo? Ai yanke shi za ta yi! Roba ake sawa."

"Wa zai gaya masa, Baba?"

Dattijon ya gyara zaman hularsa, ya dafa injin.

"Ɗauka. Amma matso, ɗaurin ya fito sosai, bawan Allah ya gani ya koya."