Ɗoɗɗoyar Maigida

A tasha wata tsohuwa ta rungume bokiti da shuka a ciki, har ta yi fure. Mutumin da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Mama, ba ɗoɗɗoya ba ce wannan? Ai ko'ina akwai ta."

"Wannan maigidana ne ya shuka. Kullum yakan dafa ganyen ya sha, saboda ciwon ciki."

"Ya samu sauƙi?"

"Cikin ne ajalinsa. Amma sauro bai taɓa damunsa ba."

"Allah ya jiƙansa. Ina za ki kai ta?"

"Amin. Gidan ɗana. An sayar da namu."

"Ai ba ta da wuya. In dai da ruwa, duk inda aka dasa ta za ta kama."

Tsohuwa ta gyara bokitin a cinyarta.

"Haka ɗana ya ce a kaina."